Kanti da maƙwabci: wa ake tambaya kafin a yi gini?

 

Hirarmu ta yau tarihi ce, amma tarihin abin da ke ƙofar gidanku. Ku dubi layinku da kyau. Gidan da kuka sani da zaure, yau an fasa zauren an yi kanti. Wani gidan an girka injin niƙa a jikin katanga. Wani an ɗora masa bene, ƙasa mangaza, sama ɗakunan haya, taga tana kallon tsakar gidan maƙwabci inda mata ke daka. Mai gini ya ce filinsa ne, kuɗinsa ne. Maƙwabci ya ce shi ma gidansa ne, barcinsa ne, suturar iyalinsa ce. To, kafin a kama aiki, wa ake tambaya? Wa ke da ikon cewa a yi, ko a bari, ko a gyara? Kakanninmu suna da amsarsu. Nasara ya zo da tasa. Bari mu bi su sannu-sannu.

Garin da

A garin da, babban ciniki a kasuwa yake, kasuwa kuwa da sarkinta. Mahauta suna da wurinsu ƙarƙashin sarkin fawa. Majema da marina suna neman gefe, kusa da ruwa, saboda wari da ruwan baba. Ku ɗauki Damagaram. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa. Fataken da ke zuwa daga arewa, Buzaye da Larabawa, a Zango suke sauka, bayan ganuwa. Raƙumansu da kayansu da hayaniyarsu can suke, ba cikin lungunan Birni ba. Babu wanda ya zana wanga tsari a takarda, amma kowa ya san shi.

Kada ku ce ba a sana'a cikin gida. Ana yi. Uwayenmu suna dama fura, suna soya ƙuli-ƙuli, yara na kai talla. Malami na ɗinkin hula a zaure. Sai dai irin wagga sana'a ba ta girgiza katangar kowa.

Mai son fili, wurin mai unguwa yake zuwa, mai unguwa ya kai maganar ga sarki. Magina kuma suna da nasu shugaba, sarkin magina. In gardama ta tashi kan katanga ko indararo, mai unguwa ya taso da dattawa biyu ko uku, su zo su gani da idonsu. In ta ƙi mutuwa, sai gaban alƙali.

Abin da ke cikin littattafan alƙali

Alƙali ba da ka yake hukunci ba. Littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure har gobe, su ne a gabansa. Akwai Risala, ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a 996. Akwai Muhtasar, na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14. Dukansu a kan tushe guda suka tsaya, tushen da ya fito daga hadisi: an hana mutum ya cuci maƙwabcinsa, ko da cikin nasa fili yake aikin.

Sabuwar taga wadda ake hango cikin gidan maƙwabci ta cikinta, sun ce a toshe ta. Ramin da zai ci gindin katangarsa, sun ce kada a gina shi. Hayaƙi mai yawa da wari irin na jima, sun ce kada a kawo su tsakanin gidaje. Ku kuma saurari wagga da kyau, don ita ce maganarmu ta yau: Shehu Halilu ya sa kanti cikin abin da ake hanawa, in za a buɗe shi daura da ƙofar gidan wani. Me ya sa? Ƙofar gida, shiga ake yi a fita. Kanti kuwa zama ake yi, daga safe har dare, ga masu saye, ga ƴan hira a kan benci. Duk wanda ya shiga gidanka ko ya fito, idonsu na kansa. Matarka ba ta leƙo ƙofa sai an gan ta.

Yaya ake gane tagar da ke cutarwa? Malaman Malikiyya sun ruwaito hukuncin Sayyidina Umar a kan haka. A ajiye gado ƙarƙashin tagar, mutum ya hau ya tsaya. In ya hango cikin gidan maƙwabci, a toshe. In bai hango ba, a bar ta. Kun ji awo mai sauƙi, wanda kowa ke iya gani da idonsa.

Amma ba kowane kuka alƙali ke karɓa ba. In ginin maƙwabcinka ya tare maka rana ko iska, ba a rushe shi don wannan. Ƙara ita kaɗai, irin ta mabuga masu bugun tufafi, Shehu Halilu bai hana ta ba, sai in bugun yana taɓa katanga. In wani ya buɗe kanti kusa da naka cinikinka ya ragu, wannan ba cuta ba ce a shari'a, arziki na Allah ne. Wanda kuma ya tarar da majema a wurinsu ya je ya gina gida kusa da su, ba shi da ta cewa, don shi ya same su.

Akwai wani hukunci da nike so ku riƙe. In aka yi maka sabon abu mai cutarwa, kana gari, kana gani, ka yi shiru shekara da shekaru ba da wani uzuri ba, to bakinka ya mutu. Malamai sun saɓa kan yawan shekarun, da yawa sun ce 10. Shirunka ya zama yarda. Tun wancan zamani, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alƙali bai san gini ba, shi ya sa yake aiken magini. A birnin Tunis, cikin ƙarni na 14, an yi wani magini ana ce masa Ibn Rami. Aikinsa ke nan: alƙalai su aike shi ya duba gini, ya komo ya faɗi abin da ya gani. Ya rubuta littafi guda kan shari'ar gine-gine. A ciki ya bayyana yadda ake gwada dutsen niƙa irin wanda dabba ke juyawa, in maƙwabci ya ce yana girgiza masa ɗaki. A rataya takarda da zare huɗu a rufin da ke kan katangar. A ɗora mata ƴan ƙwayoyi busassu masu saurin mirginawa. Sai a ce ma mai niƙa ya juya dutsensa. In ƙwayoyin sun motsa, cuta ta tabbata. In ba su motsa ba, mai ƙara ya yi haƙuri. Duk sa'ad da na ji injin niƙa yana kaɗa kwanonin jere a ɗakin wata baiwar Allah, wanga magini nike tunawa.

Wagga shari'a ba ta tsaya a ƙasar Larabawa ba. A 1836 alƙalin Gwandu, Idrisu ɗan Halidu, ya gama wani littafi don amfanin alƙalai, ya tattara irin waɗanga hukunce-hukunce na katanga da hanya da ruwa da cutar maƙwabci. Gwandu kuwa ba ta da nisa da mu.

Ban ce zamanin da aljanna ba ne. Bafade da attajiri sun fi talaka baki a ƙofar sarki. Bawa ba shi da murya, mace sai ta sami namijin da zai tsaya mata. Amma abu ɗaya ya tabbata: mai kuka ba ya bukatar takarda. Ƙafarsa da bakinsa sun ishe shi, kuma da harshensa ake yi masa shari'a.

Dokar da ta taso daga Faransa

Yanzu mu ƙetare teku, don dokar da ke ofisoshinmu can aka haife ta. A farkon ƙarni na 19 masana'antu suka yawaita cikin biranen Faransa. Wari da hayaƙi suka dami mutane, ƙara ta yi yawa gaban alƙalai, masu masana'antu kuma suna tsoron a rufe musu wurin aiki. Ran 15 ga watan Oktoba 1810, sarkinsu Napoliyon ya sa hannu a wata doka. Ta raba wuraren sana'a masu wari da cutarwa aji uku. Aji na farko, dole a nisanta su da gidaje. Aji na biyu, ana iya barin su kusa, amma sai an tabbata ba za su dami maƙwabta ba. Aji na uku, su zauna cikin gari, hukuma na sa musu ido.

Ga mai neman izinin aji na farko, sai an manna takardar sanarwa a dukan garuruwan da ke cikin kilomita 5 daga wurin. Duk mai ƙin yarda ya zo ya faɗi dalilinsa kafin wa'adi ya cika. Irin wanga bincike suna kiransa komodo-inkomodo. Da Hausa sai mu ce binciken amfani da cuta: a auna amfanin abin, a auna cutarsa.

Dokar tana da kyau a ji, amma tana da ƙugiya. Da zarar an ba da izini, alƙali ba ya iya rufe masana'antar. Iyakar abin da maƙwabci zai samu, diyya. Ashe ta kare mai kuɗi fiye da yadda ta kare mai gida. Maƙwabci dama guda gare shi mai ƙarfi, ita ce kwanakin nan na bincike. In sun wuce shi, sun wuce.

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899. Nan suka ajiye babban birnin ƙasa daga 1911, har suka maida shi Yamai a 1926. A cikin wagga shekara ta 1926, ran 20 ga watan Oktoba, aka kafa ma ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu dokar wuraren sana'a masu haɗari ko ƙazanta ko damu, da ajinta uku da bincikenta. A 1932 kuma aka sabunta dokar rajistar filaye, wadda ke ba mutum takardar mallaka.

To, ku yi tunani. Sanarwa da Faransanci take. A ofishin kumandan aka manna ta. Littafin da ake rubuta ƙin yarda, can yake a kan tebur. Wa zai karanta? Wa zai rubuta? Har ranar da muka sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakol ba su kai 5 cikin 100 ba. A takarda an tambayi kowa. A gaskiya, tafinta da ƴan kanfani kaɗai suka ji tambayar.

Maraɗi ta hau tudu

Mutanen Maraɗi, ku kun fi kowa sanin yadda Nasara ke tsara gari. Tsohon garinku a fadama yake, bakin gulbi, inda Katsinawa suka zauna bayan jihadi. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci garin. Hukumar Nasara ta ce kowa ya hau tudu. Masu awo suka ja layuka miƙaƙƙu masu faɗi, suka yanka fili kusurwa huɗu-huɗu, suka kafa turaku. Unguwanni suka hau da sunayensu, Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Mokoyo da Limanci da Ɗan Gulbi, suka zauna kewaye da fadar sarki. Daga baya aka ƙara Sabon Gari da Sabon Kare. Kalmar kare ɗin nan ma Faransanci ce, ma'anarta fili mai kusurwa huɗu.

Hawan ya ceci rayuka, babu musu. Amma ba a yi shawara da talaka ba, umurni aka bayar, kuma a lokacin aikin tilas bai ƙare ba, sai a 1946 aka soke shi. Daga ranar, iyakar gida ta bar bakin dattawa ta koma kan turakun mai awo da taswirar ofis.

Layi miƙaƙƙe mai faɗi ya zo da wani abu da ba a yi tsammani ba. A lungu mai lanƙwasa, mota ba ta shiga, baƙo ba ya ratsawa. A sabon layi kuwa, kowane gida yana da fuska a kan hanya, kowace fuska kuma tana iya zama kanti. Cinikin gyaɗa ya kawo kanfanonin Nasara da mangazunsu, a 1962 gwamnati ta kafa Sonara don sayen gyaɗar. Bayan yaƙin Biyafara, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970, cinikin alhazai da Najeriya ya bunƙasa. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen dubu 45 a Maraɗi. Ta 2012 ta sami dubu 267. Kasuwa ta yi ma ƴan kasuwa kaɗan, sai ciniki ya malalo cikin unguwanni. Abin da ya faru ke nan a Damagaram da Tawa da Yamai, kowane gari da irin nasa.

Da kanti ya shigo, siminti da kwano suka biyo shi. A nan ne cutar da littattafan da suka fi tsoro take komowa da sabuwar riga. Rufin ƙasa yana riƙe ruwa ya sake shi ta indararo sannu-sannu. Kwano kuwa gaba ɗaya yake zubarwa. Mai kanti ya yi ciko ya ɗaga daɓensa don kada ruwa ya shiga masa kaya, ya shafe ƙofarsa da siminti. Ruwan da ƙasa ke sha da, yanzu ba shi da wurin nutsewa. Ina za shi? Gindin katangar maƙwabci, wadda ta tubali ce. Damina ɗaya, biyu, uku, gindin ya zaizaye. Kun ga abin da ruwa ya yi a ƙarshen watan Agusta 2024 a Maraɗi, gidaje suka faɗi, aka yi asarar rayuka. Ban ce kantuna suka jawo shi ba, ruwan ya yi yawa ƙwarai. Amma ranar irin wanga ruwa, taƙi ɗaya na ciko shi ke raba gidan da ya tsaya da wanda ya kwanta.

Bayan ƴancin kai

Gwamnatinmu ba ta jefar da tsarin Nasara ba, gyara shi ta yi. Ran 24 ga watan Mayu 1966 aka yi dokar Nijar ta wuraren sana'a masu haɗari ko ƙazanta ko damu, da aji uku kamar ta da, aka kuma yi mata gyara a 1976 da 1979. A 1998 aka yi babbar dokar kare muhalli. A 2017 aka yi dokar tsarin birane, a 2018 ta gini da mazauni. Izinin gini a meri ake neman shi, da zanen ginin da takardar fili, ma'aikatan tsarin gari su duba. Izinin ya shafi sabon gini, ya kuma shafi babban gyara, kamar ɗora bene ko maida gidan zama wurin ciniki.

Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya yi kaɗan, masu bin su da masu duba su. Gine-gine da yawa cikin unguwanninmu ba su taɓa ganin izini ba. Mai gini ya kira magini, a yi jinga, da safe sai ka ji guduma.

Ɗan kasuwa na iya cewa wanga ya fi masa sauƙi. Ya tambayi ƴan'uwansa na Yamai. A 2016 hukuma ta bi manyan hanyoyin birnin ta rushe rumfuna da kantunan da aka kafa a bakin titi, mutane da yawa suka rasa jarinsu rana ɗaya. Wasu sun yi shekaru a wurin suna biyan kuɗin haraji, suna zaton shi ne izini. Rasit na haraji daban, takardar izini daban. Wanda ya iya karatu ya san bambancinsu.

Ku kuma sani, tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta bar ma sarki da mai gari da mai unguwa ikon sulhu tsakanin mutane, a rubuta abin da aka shirya a kai. Saboda haka in kun ga an sauke yashi da bulo a jikin katangarku, kada ku jira a kai rufi. Ku fara da mai ginin, da sallama da girmamawa: Alhaji, me za a yi a nan? Ina ruwan zai bi? Ina tagar za ta kalla? Injin a wace kusurwa za a girka shi? Sau da yawa gyaran kaɗan ne tun ba a ɗora bulo ba. A ɗaga taga sama da kan mutum. A juya indararo wajen titi. A matsar da inji daga katanga, a yi masa gindinsa daban. A kauce da ƙofar kanti kada ta yi daura da taku.

In bai ji ba, ku tafi wurin mai unguwa, a zo a gani. Abin da aka shirya, ku ce a rubuta, da kwanan wata, da sa hannun shaidu, ku riƙe taku. In abin babba ne, kamar gidan mai ko gidan burodi ko garejin walda, ku je meri ku tambaya ko an ba da izini, ko an buɗe binciken amfani da cuta, kuma yaushe wa'adinsa ke cika. In an buɗe, ku rubuta sunanku da unguwarku da abin da kuke tsoro. Layi uku sun isa. In hannunku bai faɗa ba tukuna, malaminku na cibiya zai taimake ku, ku kuma ku sa hannu da kanku, ba da dangwale ba.

Ga aikin da za ku yi a cibiya kafin hira ta gaba. Kowa ya nemi dattijo ko dattijuwa a unguwarsu, ya tambaye su kanti na farko da aka buɗe a layin: na wace sana'a ne, a zamanin wane sarki, kuma wa aka tambaya kafin a buɗe shi. Ku rubuta amsar cikin littafinku, jimla biyar ko shida, ku karanta ma juna. Malamin cibiya ya tattara waɗanda suka fi kyau ya aiko mana, mu karanta su a rediyo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.